Amurka da Chaina: amsar tambayoyin da kuka ƙi daina yi

Tun da Trump ya fara lafta wa kayan Chaina haraji a 2018 tambayoyin nan suke ta dawowa. Ga amsoshin a wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Wa ya fi ƙarfin soja?

Amurka. A 2024 ta kashe kusan dala tiriliyan 1 a kan soja, Chaina kuwa an ƙiyasta ɗan sama da biliyan 300. Jiragen ruwa masu dakon jiragen yaƙi, Amurka na da 11, Chaina 3.

Ai an ce Chaina ta fi yawan jiragen ruwan yaƙi.

Ta fi, sama da 370 gare ta. Kuma na Amurka a warwatse suke a tekunan duniya, nata kuwa yawancinsu suna bakin gida. Idan faɗa ya tashi, a ƙofar gidanta za a yi shi, to a nan ne lissafin ke canzawa.

Chaina za ta kashe dala?

A'a. A 2024 kusan kashi 58 cikin 100 na kuɗin ajiyar manyan bankunan duniya dala ce, yuwan, kuɗin Chaina, kusan kashi 2. Don Allah ku daina turo mini bidiyon nan na WhatsApp da ke cewa za ta kashe ta.

To za su yi yaƙi?

Idan za a yi, a kan Taiwan ne. Tun 1949 tsibirin ke mulkin kansa, Beijing kuma na cewa nata ne. A can kamfanin TSMC ke ƙera mafi yawan ƙananan sassan zamani da ke zama ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta. Amma ku kwantar da hankalinku. A Afrilun 2025 haraji ya kai kashi 145 a ɓangaren Amurka, 125 a na Chaina, wata bai zagayo sosai ba suka zauna a Geneva suka sassauta. Amurka na riƙe da fasahar waɗancan sassan, Chaina na riƙe da tace ma'adanan da ake maganaɗisun motoci da makamai da su. Kowa ya san inda ɗan'uwansa zai murɗe shi.

Ina saro kaya daga Guangzhou. In ajiye jarina a dala ko a yuwan?

Yauwa, Alhaji, wannan ce tambayar da ta cancanci zama, kuma amsarta ta danganta. Idan mai masana'anta da yuwan yake yi maka farashi, biyansa da yuwan kan rage maka canji ɗaya, maimakon naira ta koma dala, dala ta koma yuwan, kowane mataki ana yankar wani abu. Akwai ma yarjejeniyar musayar kuɗi da Babban Bankin Najeriya ya ƙulla da na Chaina a 2018, ta yuwan biliyan 15. Sai dai ta banki ake bi, da takardu, kuma ba kowane ɗan Kantin Kwari ke iya kaiwa gare ta ba.

Amma fa kuɗin dakon kwantena yawanci da dala ake yanka shi, kwastan ma farashin dala suke dubawa su yi maka lissafi. Sannan idan buƙata ta taso maka da daddare, dala ce za ka shiga Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, da ita ka fito da naira nan take. Yuwan sai an nemo mai so. Ka kuma sani babban bankin Chaina ne ke saita farashin yuwan kullum safiya, ba ya barinsa ya yi nisa da dala, shekarun nan dala ɗaya tana yawo ne a kusa da yuwan 7. Wato hawa da saukar farashin da ke tsakaninsu kaɗan ne. Abin da ya cinye jarin mutane shi ne naira, da ta tashi daga wajen 460 a kan dala ɗaya a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024.

Ni dai da ni ne, kuɗin odar da zan biya nan da wata biyu ko uku zan mayar yuwan, sauran ya zauna a dala. Shi ma idan kana da amintaccen wanda zai biya maka a can. Idan wani ejan ne da ka tsinta a manhajar hira ta WeChat, manta da duk abin da na faɗa, ka bi ta banki ko da ya fi tsada. Kuma kada ka cika sito da kaya don ka ga sun yi araha. Duk lokacin da Amurka ta tsuke ƙofa, masana'antun Chaina nan suke juyo da hajarsu, maƙwabcinka na iya sauke irinta wata mai zuwa a ƙasa da kuɗin da ka saro.

Wa ya kamata mu goya wa baya?

Haba jama'a, ƙwallo ake bugawa? Layin dogon Abuja zuwa Kaduna bashin Chaina ne, biya ake yi. Bututun man da CNPC, kamfanin man Chaina, ya shimfiɗa daga Agadem a Nijar zuwa gaɓar tekun Benin kasuwanci ne. Sojojin Amurka da suka bar Agadas a 2024 su ma lissafinsu ne ya kai su can.

Tecno ɗina za ta daina aiki?

A'a. Huawei aka hana manhajojin Google a 2019. Je ka yi cajin wayarka.