Samurai

Samurai su ne rukunin mayaƙan ƙasar Japan da suka fara a matsayin barorin masu mulki, daga baya suka karɓe mulkin suka riƙe shi kusan shekara 700, daga ƙarshen ƙarni na 12 zuwa 1868. Kalmar ta fito ne daga wani tsohon fi'ili na Japananci, saburau, wato yi wa babba hidima, don haka a asali ta fi kusa da ma'anar bara fiye da jarumi. A Japan ana kuma kiransu bushi. Mutanen wasu ƙasashe sun fi sanin su ta takubba da sulkunan da aka jera a gidajen tarihi, alhali mafi yawan sulkunan da ake gani a waje an yi su ne bayan an daina yaƙi.

Asali

A zamanin Heian (794 zuwa 1185) fadar sarki da ke Kyoto ta sassauta riƙon lardunan nesa, sai masu manyan gonaki da gwamnoni suka riƙa ajiye mahaya masu makamai domin tsaro da karɓar haraji. Sannu a hankali waɗannan mahaya suka taru ƙarƙashin gidaje biyu masu jinin sarauta, Taira da Minamoto, waɗanda suka gwabza yaƙin Genpei daga 1180 zuwa 1185. An kammala shi a cikin teku a Dan-no-ura, inda aka murƙushe Taira, sarki Antoku kuma, yaro ɗan shekara 6, ya nutse tare da kakarsa. Minamoto no Yoritomo ya kafa gwamnatin mayaƙa a Kamakura, aka ba shi sarautar shogun, wato babban sarkin yaƙi, a 1192. Masana sun saɓa kan ko daga 1185 ko daga 1192 za a fara ƙirga mulkin. Sarki ya ci gaba da zama a Kyoto da martabarsa, amma iko ya bar hannunsa.

Samurai na wannan zamani maharbi ne bisa doki, kuma sana'arsa ma ana kiranta hanyar doki da baka. Bakansa ya fi mita biyu tsawo, ana riƙe shi ƙasa da tsakiya. Takardun neman lada na ƙarni na 14, inda mayaƙa ke lissafa raunukan da suka samu a fagen fama, sun nuna cewa galibinsu na kibiya ne, ba na takobi ba.

Mongolawan Kublai Khan sun kawo hari sau biyu, a 1274 da 1281. Tsakanin hare-haren an gina katangar dutse mai tsawon kimanin kilomita 20 a gaɓar Hakata, kuma a karo na biyu guguwar teku ta tarwatsa jiragen maharan, ita ce aka laƙaba wa suna kamikaze, iskar allahntaka. Nasarar ba ta zo da ganima ko sabuwar ƙasa da za a raba ba, mayaƙan da suka kashe dukiyarsu suka yi ta ƙorafi. Ɗaya daga cikinsu, Takezaki Suenaga, ya yi tattaki har Kamakura don neman haƙƙinsa, daga baya kuma, wajen 1293, ya sa aka zana bajintarsa a doguwar takarda mai naɗi, wadda har yau tana cikin muhimman shaidun yadda ake yaƙi a lokacin. Gwamnatin Kamakura ta faɗi a 1333, gidan Ashikaga ya gaje ta.

Zamanin yaƙe-yaƙe

Yaƙin Onin (1467 zuwa 1477) ya ƙone yawancin Kyoto, ya kuma buɗe ƙofar fiye da shekara 100 na faɗa tsakanin iyayen ƙasa da ake kira daimyo. Runduna ta ƙara girma, dakarun ƙasa masu dogayen masu suka fi mahaya tasiri. Turawan Fotugal sun kawo bindiga tsibirin Tanegashima a 1543, ko da yake wasu majiyoyi sun ce 1542, kuma cikin 'yan shekaru maƙeran Japan suka iya ƙera ta. A Nagashino a 1575 Oda Nobunaga da Tokugawa Ieyasu sun jera 'yan bindiga bayan shinge suka karya rundunar Takeda. Ana jayayya kan adadin bindigogin da kuma yadda aka harba su.

Bayan mutuwar Nobunaga a 1582, sakamakon tawayen da hafsansa Akechi Mitsuhide ya yi masa, Toyotomi Hideyoshi ya ƙarasa haɗa ƙasar. Shi kansa ba ɗan gidan sarauta ba ne, amma shi ne a 1588 ya ba da umarnin karɓe makamai daga hannun manoma, matakin da ya toshe hanyar da shi ya bi ya ɗaukaka. Ya kuma kai yaƙi Koriya daga 1592 zuwa 1598 ba tare da nasara ba.

Yasuke, wani Ba'afirke da ya zo Japan tare da limamin Kirista Alessandro Valignano, ya yi wa Nobunaga hidima daga 1581 zuwa 1582. Ana saɓani kan ƙasarsa ta asali da kuma matsayinsa.

Zamanin Edo da ƙarshensu

Ieyasu ya ci yaƙin Sekigahara a 1600, ya zama shogun a 1603, ya zauna a Edo, wato Tokyo ta yau. Bayan faɗuwar ganuwar Osaka a 1615 ƙasar ta shiga zaman lafiya na kusan shekara 250. Samurai, waɗanda aka ƙiyasta sun kai kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na jama'a, suka zama ma'aikatan mulki da malamai da masu gadi, ana biyan su da shinkafa bisa ma'aunin koku, kimanin lita 180. Daga 1635 aka fara wajabta wa daimyo zaman shekara ɗaya a Edo, ɗaya a ƙasarsu, iyalinsu kuwa suna Edo kullum. Takubba biyu a ɗamara, dogo da gajere, suka zama alamar matsayi, yayin da ƙananan samurai da dama ke fama da bashin 'yan kasuwa.

Zuwan jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Matthew Perry a 1853 ya girgiza gwamnatin, a 1868 kuma samurai na ƙasashen Satsuma da Choshu suka mayar da iko ga sarki Meiji. Su ɗin ne kuma suka rusa rukuninsu: an soke ƙasashen daimyo a 1871, aka fara ɗaukar talakawa soja a 1873, aka hana yawo da takobi a 1876. Tawayen Saigo Takamori a 1877 ya ƙare da mutuwarsa a tsaunin Shiroyama.

Bushido

Bushido, wato ƙa'idar ɗabi'a da ake danganta wa samurai, an fi tsara ta ne a zamanin Edo da bayansa. Littafin Nitobe Inazo, wanda ya rubuta da Turanci wajen 1900, shi ya yaɗa ta a duniya.

Takobi da sulke

Ana narka yashi mai tama da gawayi na tsawon kwana uku a samu ƙarfen tamahagane. Maƙeri yana ninke shi yana bugawa sau da yawa, sannan ya shafe ruwan takobin da yumɓu, da kauri a baya, kaɗan a bakin kaifi, kafin ya gasa ya tsoma a ruwa. Kaifin sai ya yi tauri, bayan ya kasance mai juriya, a bar wani farin zane kamar igiyar ruwa da ake kira hamon. Masamune, wanda ya rayu a ƙarshen ƙarni na 13 zuwa farkon na 14, shi ne maƙerin da ya fi suna. Tsohon sulke kuwa ƙananan faranti ne na fata da ƙarfe, an shafe su da ƙaron itacen urushi, an saƙa su da igiyar alharini mai launi.

A gidajen tarihi

Tsofaffin sulkuna da suka tsira galibi waɗanda mayaƙa suka sadaukar ne ga wuraren bauta, kamar na Oyamazumi a tsibirin Omishima. Gidan Tarihin Ƙasa na Tokyo, wanda aka kafa a 1872, yana riƙe da takubban Dojigiri da Mikazuki Munechika, yayin da gidan tarihin Tokugawa na Nagoya, da aka buɗe a 1935, ke adana kayan gadon reshen Owari na zuriyar Tokugawa. A Ingila akwai sulkuna biyu da shogun Tokugawa Hidetada ya aika wa sarki James na Ɗaya a 1613. Baje kolin da gidan Metropolitan na New York ya yi daga ƙarshen 2009 zuwa farkon 2010 ya tara kaya fiye da 200, 34 daga ciki masu darajar dukiyar ƙasa ta Japan, abin da ba kasafai ake bari ya fita waje ba. An buɗe gidan tarihin samurai a Berlin a 2022.

Yadda ake jera kayan ma abin lura ne. Ana ɗora ruwan takobi tsirara bisa farin ƙyalle, babu ƙota babu kube, domin a ga gindinsa inda maƙeri ya sassaƙa sunansa, a kuma karkato fitila ta yadda mai kallo zai ɗan sunkuya ya hangi hamon. Tachi, takobin da mahayi ke rataya, kaifinsa na kallon ƙasa, katana da ake soke wa a ɗamara kuwa kaifinsa na kallon sama. Sulke ana zaunar da shi bisa akwatin ajiyarsa, kuma saboda haske yana kashe launin alharini, ba a barinsa ya daɗe a fili, akan mayar da shi ma'aji bayan 'yan makonni ko watanni a fito da wani.