Ƙurajen aski a wuya

Ƙurajen aski wasu ƙananan ƙuraje ne masu ƙaiƙayi da raɗaɗi da ke fesowa a ƙarƙashin haɓa da gefen maƙogwaro bayan an yi aski da aska ko reza. Mutane sukan haɗa abu biyu a wannan suna. Akwai zafin da ake ji nan take, wanda kankarar fata ce kawai, ya kan lafa cikin yini ɗaya ko biyu. Akwai kuma ƙurajen da ke fitowa bayan 'yan kwanaki, waɗanda gashin mutum da kansa yake haddasawa. Wannan na biyun shi ne likitocin fata ke kira pseudofolliculitis barbae, sunan da ya kafu tun bayanin da likitocin Amurka biyu, Strauss da Kligman, suka yi a 1956. Ya fi kama masu murɗaɗɗen gashi, shi ya sa ya yi yawa a tsakanin mazan Afirka.

A ƙauyukan Kano da Jigawa matsalar ta fi zama a wuya saboda yadda ake gyaran fuska. Magidanta da yawa suna barin gemu don bin sunna, sai dai su sa a share musu kumatu da ƙasan muƙamuƙi duk Juma'a. Ke nan wurin da ya fi laushi a inda gashin gemu ke fitowa shi ne ya fi shan aska.

Yadda gashi ke komawa cikin fata

Gashin gemu yana tsawo kimanin santimita 1 a wata. Idan aska ta yanke shi, bakinsa ya kan zama mai tsini kamar an fere tsinke. Miƙaƙƙen gashi sai ya fito abinsa. Murɗaɗɗe kuwa, da ya ɗan ɗago sai ya lanƙwaso ya soki fatar da ke kusa, ya nutse. Jiki ya ɗauke shi baƙo, kamar ƙaya ce ta shiga, sai wurin ya kumbura, wani lokaci har ya tara mugunya.

Hanya ta biyu ta fi ɓoyuwa. Idan mai aski ya ja fata da yatsa ta miƙe sannan ya yanke, da ya saki sai guntun gashin ya koma ƙasa da fata. Daga nan ba ya samun hanyar fita, sai ya huda ta gefe tun yana ciki. Reza mai baki biyu ko uku ma haka take yi: bakin farko ya jawo gashin, na bayansa ya datse shi, guntun ya nutse. Askin da ake yabo, wanda in an shafa a ji sumul, shi ne ya fi jawo ƙuraje. Wannan ne abin da ya fi wuyar karɓa ga mai son tsaf, amma nan gizo ke saƙar.

Wuya kuma yana da nasa halin. Fatarsa siririya ce, ba ta da ƙashi shimfiɗaɗɗe a ƙarƙashi kamar kunci, ga tudun zakaran wuya. Gashinsa ba ya kwanciya gefe guda: wani ya yi ƙasa, wani ya nufi kunne, wani ya yi sama, a wasu mutanen har ya kan yi kewaye kamar makwanciyar gashi a tsakiyar kai. Aska da ta bi hanya ɗaya daga haɓa zuwa ƙasa dole ta yi wa wani sashe gaba da gaba. Bahaushe ya ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, amma mai wannan lalura ya san a wuya yake jin nasa.

Yanayi yana ƙara wa abin. Da hunturu fata ta bushe tana fari, aska ta bi ta kai ta tsattsage ta. Da bazara gumi da ƙura su taru a wurin. Sai kuma wuyan kaftani da ya sha sitaci, wanda ke goga daidai inda aka aske tun daga masallaci har a dawo gida.

Wajen wanzami

Ran kasuwa, ko a Wudil ran Juma'a ko a Maigatari ran Alhamis, za ka tarar da wanzami a gindin darbejiya, ya shimfiɗa tabarma, zabira a gefe, ga ɗan kwanon ruwa. Ya kan tsoma yatsu ya shafa wa mutum ruwa, ya wasa aska a jikin guntuwar jemammiyar fata, ya tura haɓar mutum sama da babban yatsa ya fara. Gwanin wanzami hannunsa ba nauyi, askarsa mai baki ɗaya ce kuma da kaifi, wannan kuwa alheri ne ga fata. Inda matsala take shi ne gaggawa. Layi ya yi tsawo, ruwan sanyi ne, ba a bar gashi ya jiƙa ba, sannan a maimaita wuri ɗaya sau uku don ya fita tas.

Ba laifi ba ne mutum ya ce, "Sarkin aska, a bi mini wuyan a hankali, sau ɗaya ya isa." Ya kuma kamata ya zo da sabuwar rezarsa ko askar da shi kaɗai ake yi wa amfani da ita. Ƙurji in aska ta fasa shi jini yake fitarwa, ciwon hanta nau'in B kuwa da ƙanjamau suna iya bin jini a ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi. Goge aska da tsumma ba ya kashe komai.

Rigakafi

Gashi yana shan ruwa ya yi laushi, amma sai an ba shi lokaci. Tsumma mai tsabta da aka tsoma a ruwan ɗumi, a ɗora a wuya minti 3 zuwa 5, ko kuma a yi askin bayan wanka. A sa sabulu ya yi kumfa sosai, kada a bari ta bushe. Kafin a fara, mutum ya shafa wuyansa da yatsa ya gane ina gashin ya kwanta, a bi shi ta nan, ba tare da danna reza ko jan fata ba. Reza da ta dakushe tsige gashi take yi, a jefar da ita inda yara ba za su tsinta ba.

Wanda ƙurajen suka riga suka kama, babu abin da ya kai ya dakatar da aski na kimanin mako 4. Gashin da ya nutse, in ya yi tsawo, da kansa yake ɓallowa ya fito. Bayan nan sai ya koma injin aski a bar masa kamar milimita 1, ko ya rage da almakashi.

Abin da ake shafawa

Da an gama a wanke da ruwan sanyi, a dangwale da tsumma, ban da gogewa. Alif, wanda ake tace ruwa da shi, in aka jiƙa aka shafa yana tsayar da ɗan jinin yanka, sai dai yana busar da fata, don haka a ɗauraye bayan ɗan lokaci. Man kaɗanya kaɗan yana rage bushewa, musamman da hunturu. Sifirit da turare kuwa ƙona fatar da ta riga ta kankaru suke yi. Mafi muni shi ne abin da wasu samari ke yi na shafa man birki, ko kananzir, ko man bilicin. Na ƙarshen sau da yawa yana ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi da ke sirantar da fata. Matse ƙurji da farce shi ma yana barin baƙin tabo da kan yi watanni bai goge ba.

A asibiti akan ba da man haidirokotizon mai kashi 1 cikin 100 na 'yan kwanaki don ƙaiƙayi, da man benzoyil feroksaid ko kilindamaisin idan akwai mugunya. Idan ƙurajen sun koma ƙeya suna tauri suna haɗewa, wannan wata cuta ce daban da ke iya zama tabo mai tudu wanda gashi ba ya sake tsirowa a kansa, kuma aski mai ƙarfi a wurin yana tsananta ta. Idan kuma wurin ya yi zagaye yana ɓarewa kamar makero, ƙwayar cutar fangas ce, maganinta daban. Waɗannan biyun, da duk kumburin da ya zo da zazzaɓi ko yake yaɗuwa, sai a kai su ga ma'aikacin lafiya tun suna ƙanana.