Gyangyaɗin rana ba kullum ne lalaci ba

A Garwa, in mutum ya yi gyangyaɗi a wajen huɗubar Juma'a, sai a ce ragwanta ce, ko zafin watan Maris, ko tashin Asuba. Wani lokaci haka ne. Amma magidancin da ya kwana yana minshari, numfashinsa na ɗaukewa har matarsa ta zungure shi, ciwo ne ke cinsa. Maƙogwaronsa na toshewa yana barci, ƙwaƙwalwa ta yi ta farkar da shi bai sani ba. Hawan jini kan biyo baya.

Likitoci na auna yawan gyangyaɗin rana da tambayoyin Epworth, waɗanda likita Murray Johns ya fitar a Ostareliya a 1991: yanayi 8 da barci kan iya kwashe mutum a ciki, maki 0 zuwa 3 kowanne, jimla 24. Abin da ya haura 10 na bukatar bincike.

Sai dai tambayoyin ba namu ba ne. Akwai ta zama a mota, akwai mai ambaton giya bayan abincin rana. Dattijon da bai taɓa tuƙi ba, me zai amsa? Gara a tambaye shi: "Baba, barci kan kwashe ka kana lazimi bayan La'asar, carbi ya faɗi daga hannunka?" Wannan zai tuna sarai.