Matsalolin furucin Turanci ga masu jin harshen Polan

Harshen Polan na dangin harsunan Slavic ne, wato dangin su Rashanci, kuma tsarin sautinsa ya sha bamban da na Turanci. Batun ya ƙara jan hankalin malaman harshe bayan Polan ta shiga Tarayyar Turai a 2004, lokacin da ɗimbin 'yan ƙasar suka ƙaura zuwa Birtaniya neman aiki. Ƙidayar 2011 ta nuna mutum 546,000 a Ingila da Wales harshen Polan ne babban harshensu.

Babbar matsalar tana wajen wasula. Harshen Polan yana da wasulan baki shida ne kawai, a, e, i, o, u, y, sai ą da ę na hanci, kuma ba ya bambanta dogon wasali da gajere. Bahaushe ya san bambancin garin da ake zama da garin tuwo, amma kunnen ɗan Polan bai saba da irin wannan ba. Turancin Birtaniya kuwa yana da tilon wasali, wato wanda ba tagwai ba, kusan 12. Shi ya sa "ship" da "sheep" kan fito da sauti ɗaya a bakinsa, haka "full" da "fool". Wasalin "bad" babu shi sam a harshensa, sai ya karkata zuwa "bed".

Ƙarshen kalma ma wurin tuntuɓe ne. A harshen Polan, baƙi mai ziza, wato wanda maƙogwaro ke kaɗawa wajen furta shi, kamar b, d, g da z, yakan rasa zizarsa idan ya zo ƙarshe: ana rubuta "chleb", wato burodi, amma ana furta "chlep". Ɗalibi kan ɗauko wannan ɗabi'a zuwa Turanci, sai "bag" ta koma "back", "eyes" ta koma "ice". Wannan ya fi cancantar lokacin malami, domin ma'ana yake sauyawa.

Sautin "th" shi ake yawan ambata, ana musanya shi da f ko t ko s, amma mai sauraro yakan gane abin da ake nufi. Akwai kuma ƙarfafa gaɓa: kusan kullum harshen Polan kan ɗora nauyi a gaɓar kusa da ƙarshe, alhali a Turanci sai an koyi wurinsa kalma bayan kalma.

Cunkoson baƙaƙe dai ba ya wahalar da su. Wanda ya tashi yana faɗin sunan birnin Szczecin ba zai sha wuya da "street" ko "spring" ba.