Wa ke duba likita bayan ya gama makaranta? Ga amsoshin tambayoyin da kuke ta yi min

Duk inda na zauna, gidan biki ne ko zaman makoki, da zarar an ce ai wane likita ne to shikenan, ko dai wani ya zaro takardar gwaji daga aljihu ya miƙo min ko kuma a fara cewa wai mu likitoci babu mai duba mu, da mun karɓi takarda sai mu yi ta yin abin da muka ga dama da rayukan mutane. Wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya. Ga amsoshin nan a wuri guda, wanda ya sake tambayata zan ce ya karanta tukuna.

Wai akwai hukumar da ke sa ido a kan likitoci a Najeriya?

Akwai. MDCN, hukumar kula da likitoci da likitocin haƙori, hedikwatarta na Abuja, dokar da ta fara kafa ta tun 1963 ce. Ita ke riƙe da rajistar sunayenmu, ita ke ba da lasisi, ita ke duba makarantun koyon likitanci, ita ke hukunta wanda ya yi ba daidai ba.

Ba NMA ba ce?

A'a. NMA ƙungiyarmu ce, ta kare haƙƙin likitoci. Ba ta ba da lasisi kuma ba ta ƙwacewa.

Akwai wani likita mai kyamis a layinmu, shi ma hukumar nan ce ke duba shi?

Don Allah ku daina ce wa kowa likita. Wannan ɗabi'ar tana cikin abin da ke kashe mana mutane. Mai kyamis likita, nas likita, mai gwajin jini likita, yaron da ke tura keken marasa lafiya ma in ya sa farar riga ya zama likita. Kowannensu da aikinsa kuma da hukumarsa, nas da ungozoma suna da tasu, masana haɗa magunguna suna da tasu, ma'aikatan lafiya na matakin farko suna da tasu, kuma aikinsu mai daraja ne in sun tsaya inda aka koya musu. Amma mai kyamis da ke sa wa yaro ruwa a bayan kanta ba ya cikin rajistar MDCN, babu lasisin likita a hannunsa balle a ƙwace. In abu ya ɓaci sai ku zo kuna cewa likitoci sun kashe muku ɗa.

Lasisin likita na har abada ne?

Ba na har abada ba ne. In ka gama makaranta rajistar wucin gadi ake fara ba ka, ka yi shekara ɗaya kana aiki a ƙarƙashin manya kana zagaya sassa, sai sun sa maka hannu sannan a ba ka cikakkiyar rajista. Daga nan kuma duk shekara sai ka sabunta lasisin yin aiki, ana so ka biya kuɗin kafin 31 ga Disamba, kuma ka nuna ka tara maki 20 na ƙarin ilimi, abin da muke cewa CPD. Makin ana samun sa ne ta halartar lacca da semina da bita a wuraren da hukumar ta amince musu. Wanda ya yi karatu a waje kuwa sai ya ci jarrabawar hukumar kafin ya taɓa mara lafiya a nan.

Mutumin da ya yi shekara shida yana karatu, me zai sa a ce sai ya koma aji duk shekara?

Saboda abin da aka koya masa yana tsufa. Wanda ya gama makaranta a 1995 an koya masa cewa maganin zazzaɓin cizon sauro kulorokwin ne, kuma a lokacin gaskiya aka koya masa. Ƙwayar cutar ta daina jin maganin, a 2005 Najeriya ta koma haɗin magungunan ACT. Zazzaɓi mai tsanani da ake sa kwinin a ruwa, yanzu allurar atesunet ce gaba. Jijjigar masu ciki da a da ake ta ɗirka wa mace baliyom, yanzu kowa ya san magnesiyom salfet ne ke ceton rai. Gudawar yara, ruwan gishiri da sukari ne da zinc, ba tulin maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Likitan da bai buɗe littafi ba tun da ya fita zai yi ta yi maka magani da zuciya ɗaya da ilimin da ya riga ya mutu, kuma bai ma san ya mutu ba, wannan ne abin tsoron.

To makin nan 20 ya tabbatar da likita ya iya aiki kenan?

Bai tabbatar ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba don ina cikin sana'ar. Ya tabbatar da cewa ya je wurin da aka yi lacca. Na sha zama a irin ɗakin nan a watan Nuwamba ko Disamba lokacin da kowa ya tuna bai cika makinsa ba, ɗaki cike, takardar sa hannu tana yawo daga layi zuwa layi, wani ya shigo saura minti goma a tashi ya rubuta sunansa, ya karɓi satifiket da ledar abinci ya fita, mai laccar ma bai ga fuskarsa ba. A gefensa kuma ga wata da ta taso daga asibitin ƙauye tun asuba da kuɗin motarta, tana rubuta komai, tana tsayar da mai magana tana tambaya a kan ma'aunin maganin yara. Su biyun maki ɗaya za a rubuta musu. Wannan abin yana damuna ƙwarai.

Abin da ke gyara likita a zahiri ya fi faruwa ne a cikin asibiti, zagayen safe da babban likita zai tsare ka a gaban gado ya ce me ya sa ka ba da wannan, da taron da ake yi a kan waɗanda suka rasu a buɗe fayil a bi shi layi layi a ga inda aka yi kuskure. Masu neman ƙwarewa kuma suna shan jarrabawa mai zafi a kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Matsalar ita ce likitan da ke shi kaɗai a babban asibitin ƙaramar hukuma, ko mai asibitin kansa, shekara goma babu wanda ya taɓa leƙa fayil ɗinsa. Shi ya fi kowa buƙatar a duba shi kuma shi ne tsarin bai kai gare shi ba.

A Turai ma haka ake yi?

A Ingila sun wuce nan. Tun Disamba 2012 hukumarsu GMC take sake tantance kowane likita duk shekara biyar, kuma duk shekara sai ya zauna da wani likitan an duba aikinsa, da ƙorafin da aka yi a kansa, da kurakuran da suka faru, har ra'ayin marasa lafiya da abokan aiki ana tarawa. Su ma ba haka kawai suka farka ba, sai da aka yi asarar jarirai a tiyatar zuciya a Biristol, sannan ga wani likita Harold Shipman da kotu ta kama da kisan marasa lafiyarsa mutum 15 a shekarar 2000, bincike daga baya ya nuna sun haura 200. Tsari ne mai cin kuɗi da lokaci, likitocinsu na kuka da yawan cike takardu, amma ko ba komai yana duba aikin da mutum ya yi ne ba kujerar da ya zauna ba.

An yi wa mahaifiyata tiyata abin ya lalace, ina zargin likitan bai iya ba ne. Me zan yi?

To wannan ita ce tambayar da ba na iya amsawa a tsaye. Allah Ya ba ta lafiya, in kuma ta riga mu gidan gaskiya Allah Ya jiƙanta. Ka zauna mu bi ta a hankali, don amsar ta danganta da abubuwa da yawa.

Da farko, ba duk aikin da ya lalace ne sakaci ba. Akwai matsalar da kan biyo bayan tiyata ko da hannun da ya fi kowa ne ya yi ta, ciwo ya ruɓe, jini ya ɓalle, hanji ya manne, musamman in an kawo mara lafiya a makare bayan an yi sati uku ana jiƙe-jiƙe a gida. Amma kuma ba duk abin da aka ce maka ƙaddara ce za ka haɗiye ba. Mun yi imani da ƙaddara, wannan bai hana a tambayi wanda ya manta audugar tiyata a cikin mutum, ko ya ƙara jinin da bai dace ba, ko aka yi ta kiransa cikin dare bai zo ba. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne, likita mai matsayinsa da ya san aikinsa, a irin wannan yanayin, haka zai yi? Kai ba za ka iya yanke wannan ba, ni ma ba zan iya ba daga labarin baki, sai an ga fayil.

Saboda haka kafin komai ka rubuta abin da ya faru tun kana tunawa, rana da lokaci, wa ya ce me, wa ya yi me. Ka adana kati, rasit, takardun gwaji, hoton sikanin, har kwalin magani. Ka nemi rahoton lafiya a rubuce. Ka nemi zama da babban likitan da ke kula da ita ka yi tambaya cikin natsuwa, sau da yawa a nan ma ake gane cewa bayani ne ba a yi muku ba, wanda shi ma laifinmu ne kuma muna yawan yin sa. In bai gamsar da kai ba ka rubuta wa shugaban asibitin, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. In asibitin kuɗi ne, jihohi na da ofishin da ke yi musu rajista, a Kano PHIMA ce.

In kana ganin abin ya kai, sai MDCN. Ba a kai musu ƙorafi da baki ko a Facebook, takardar rantsuwa ake yi a kotu a zayyana abin da ya faru da sunan likitan, a aika wa kwamitin bincikensu. Za su ba likitan dama ya kare kansa, za su iya kiran ku duka. In sun ga akwai abin tuhuma sai su miƙa wa kotun ladabtarwa ta likitoci, ita kuma za ta iya jan kunne, ko dakatarwa har wata shida, ko a goge sunan mutum daga rajista gaba ɗaya, shi kuma yana da damar zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Amma ka sani tun yanzu, abin yana ɗaukar lokaci, yana iya cin kuɗin mota da na lauya, kuma wannan kotun ba ta biyan diyya, in diyya kake nema sai kotun gari da lauya. Kuma yana yiwuwa a gama a ce likitan bai yi laifi ba, kuma ya zamana gaskiya ne bai yi ba. Yana yiwuwa kuma laifin na asibitin ne, babu wuta, babu jini, likita ɗaya a kan mutum ɗari.

Dangi za su ce ka bar wa Allah, kar ka tona asiri, kar ka raba mutum da abincinsa. Na fahimce su, kuma in ka zaɓi ka yafe ba zan ga laifinka ba. Sai dai hukumar nan ba ta yawo ɗakin tiyata tana leƙe, in ba a rubuta mata ba ba ta sani ba, kuma gobe wata uwar ce za ta kwanta a gadon. Abin da ba zan taɓa goyon baya ba shi ne a tara matasa a je a daki likita ko nas, ko a sa hotonsa a intanet ana ce masa makashi kafin a bincika.

Zan iya tambayar likita ya nuna min lasisinsa?

Ƙwarai kuwa. Na bana za ka nema, ba satifiket ɗin jami'a da ke rataye a bango ba. A 2015 an kama wani da ya yi shekaru yana aiki a matsayin likita a ma'aikatar lafiya ta tarayya da takardun abokinsa, to ina ga ɗan asibitin lungu.

Likitan da na gani ya ciro waya yana duba magani a gabana, anya ya iya aiki?

Haba malam, kwantar da hankalinka. Maganin yara da nauyin jiki ake auna shi, magunguna dubbai ne, wani ba ya haɗuwa da wani, ma'aunin mai ciwon ƙoda daban. Ni ma ina dubawa, kuma ina gaya wa ƙananan likitocin da ke ƙarƙashina su duba ko da ƙarfe ukun dare ne. In ya ce maka bari in tambayi na gaba da ni, ko ya rubuta maka takarda ya tura ka wani asibitin, ka karɓa ka tafi da wuri, kar ka tsaya kana cewa ai kai shi ka sani.