Hoton MRI da hasashen aikin magani a kan ƙarin ƙwaƙwalwa

MRI na'ura ce mai ɗaukar hoton cikin jiki da ƙarfin maganaɗisu, kuma da ita likitoci ke bibiyar ƙari a ƙwaƙwalwa tunda ba kullum za a dinga buɗe kan mutum ana ciro tsoka ba. Abin da ake so a gane da wuri shi ne maganin yana ci ko ba ya ci, in ba ya ci a canza kafin lokaci ya ƙure, musamman a kansar glioblastoma wadda wani bincike na 2005 ya nuna ko an haɗa gashi (wato ƙona ƙarin da haske mai ƙarfi, radiotherapy) da maganin temozolomide kusan rabin masu ita ba sa haura wata 15.

Da can girman ƙarin kawai ake aunawa, a yi wa mutum allurar gadolinium, wani sinadari da ke sa wurin ƙarin ya yi haske a hoto, inda ya yi haske a hoto a gwada faɗinsa, ƙa'idar Macdonald ta 1990 kenan. Toh hasken nan yana da yaudara, don yoyon jijiyoyin jini yake nunawa ba ƙarin kansa ba. A wata ukun farko bayan gashi wurin kan iya ƙara haske kamar ciwon ya yi gaba, alhali maganin ne ke aiki. Shi kuwa maganin bevacizumab akasin haka yake yi, toshe yoyon yake, cikin 'yan kwanaki hoto ya yi fes a ɗauka an samu sauƙi, ƙarin kuma yana nan yana yaɗuwa a ɓoye. Wannan ne ya sa aka fito da sabuwar ƙa'idar awon aikin magani mai suna RANO a 2010.

Shi ya sa masu bincike suka koma duba motsin ruwa a cikin ƙarin da hoton MRI. Ƙwayoyin kansa a cunkushe suke, ruwa ba ya samun hanya a tsakaninsu, in magani ya fara kashe su sai ruwan ya samu sakewa, kuma ana iya ganin haka tun kafin ƙarin ya motse. A Jami'ar Michigan ta Amurka an gwada hakan sati uku kacal da fara magani. Akwai kuma hoton da ke auna yawan jinin da ke shiga ƙarin, ƙari mai rai jini yake ja sosai, tabon gashi kuwa ba ya ja.

Matsalar dai na'urori sun sha bamban, awon wannan asibiti ba lallai ya yi daidai da na wancan ba, don haka har yanzu likita sai ya haɗa hoton da gwajin tsoka irin na MGMT (wata ƙwayar halitta da ke nuna yiwuwar temozolomide ya yi aiki) da kuma yadda mara lafiyan yake ji a jikinsa.