Ka biya kuɗin manhaja, amma taka ce?

Dokar haƙƙin mallaka da ake aiki da ita yanzu a Najeriya ita ce ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. A wurinta, manhajar kwamfuta da littafi ajinsu ɗaya: duk rubutu ne. Da an rubuta haƙƙi ya tabbata, ko ba a yi rajista a NCC, hukumar kula da haƙƙin mallaka ta ƙasa, ba.

A ce wani mai makarantar kuɗi a unguwar Mabera ta Sakkwato ya biya wani matashi ya haɗa masa manhajar fitar da sakamakon jarrabawa. Bayan zango biyu sai ya gan ta a makarantar maƙwabcinsa. "Ai ni na biya kuɗinta!" Ya biya, gaskiya ne, amma doka ta bar haƙƙin a hannun wanda ya rubuta, sai dai in yarjejeniya ta ce ba haka ba. Sayar da haƙƙi kuwa ba ya tabbata sai a rubuce. Mu da muka saba ƙulla ciniki da musabaha da "Allah ya sa albarka", nan ne muke faɗawa rami.

Taskar bayanai ta fi sarƙaƙiya. Sunayen ɗalibai da makinsu ba ƙirƙirar kowa ba ce, abin da ake karewa shi ne zaɓi da tsarin da aka yi musu. A 1991 Kotun Ƙolin Amurka ta ce jera sunaye da lambobin waya bisa haruffa, komai wahalar tara su, bai isa ya samu kariyar haƙƙin mallaka ba. Ita ce kuma a 2021 ta ba kamfanin Google gaskiya a kan kamfanin Oracle, duk da cewa Google ya kwafi layuka kusan 11,500 daga manhajar Java, mallakar Oracle. Alƙalanmu ba dole ne su bi waɗannan hukunce-hukunce ba, amma lauyoyi kan kafa hujja da su.

Haƙƙin littafi yana ƙarewa shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Shehu Usmanu ya rasu a 1817, don haka kowa na iya buga rubuce-rubucensa. Sai dai fassarar Hausa ko sharhin da wani malami ya yi musu a zamaninmu nasa ne, kuma ba a taɓa shi sai da izini. Masu maɗaba'a da shagunan fotokwafi su kula da wannan.

In rigima ta kai ga ƙara, ba kotun majistare ko ta shari'ar Musulunci ake zuwa ba. Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumi, kuma tana zama a nan Sakkwato.